Buhu 40 na masara da tambayar da Kawu ya yi mani

A kakar 2024 babu hirar da ta kai ta masara a majalisarmu ta bayan isha'i, nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, to waɗanda suka sayi hatsi a kakar 2023 suka aje, da bazara ta zo sun ci ribar da su kansu ba su yi zato ba. Kullum sai an kawo labarin wani: wane ya sauya mota, wane ya biya kujerar Makka shi da mahaifiyarshi, wane ya ƙarasa ginin da ya shekara biyar a tsaye ba rufi. Kuma ba ƙarya ake ba, wasu mun san su, muna sallah sahu ɗaya da su.

Ni malamin makaranta ne, albashi ne abin dogarona, kuma duk ma'aikaci ya san yadda albashi ya koma a wannan lokacin, kafin 10 ga wata ka fara leƙen mai shago. A watan ne kwasar adashinmu ta faɗo kaina, ga kuma wani ɗan fili da nake da shi can hanyar Dutsin-ma da wani ya daɗe yana bina in sayar mashi. Ina zaune kan benci ana hirar nan, kofin shayi a hannuna, sai kawai na ji zuciyata ta gama lissafi: in haɗa kuɗin adashi da na fili in sayi masara in aje zuwa damina.

Abin da ya ɗauke ni kusan shekara kafin in yarda da shi shi ne, a daren nan na yanke hukuncin. A kan bencin. Duk abin da na yi bayan nan na sati uku, da na riƙa kira shawara da bincike da istihara, wallahi neman masu sa mani hannu kawai nake. Kuma a lokacin da za ka tambaye ni sai in rantse maka cewa tunani nake mai zurfi.

Ga yadda abin yake faruwa, don na san ba ni kaɗai ba ne. Na tashi neman shawara, sai ƙafata ta kai ni wajen mutum uku, dukkansu waɗanda suka ci riba bara. Mi kake tsammani za su ce? Akwai wani abokin aikina da ya taɓa aje wake wata shekara ya ci ƙasa, ofis ɗaya muke zama, tebur na kallon tebur, ban taɓa buɗe baki na tambaye shi ba. Ban ce a raina "kar in tambaye shi don zai hana ni" ba, a'a, abin ya fi haka laushi, kawai dai duk lokacin da na tuna shi sai in ji ai shi ba ɗan kasuwa ba ne, ai shi wake ya aje ba masara ba, ai lokacinshi daban. Zuciya ba ta rasa uzuri.

Sannan ga labarin da na ji da kunnena a rediyo tun watan Yuli 2024, cewa gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150. Na ji shi sarai. Da labarin da ke goyon bayana ne da na haddace shi na kai majalisa, amma da yake ya saba ma abin da nake so sai nace ai maganar gwamnati ce, na wuce. Har wajen malamai haka na yi, kuma wannan ya fi damuna. Na san akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsoratarwa a kan ɓoye abinci, na kuma san malamai suna bambanta wanda ya saya lokacin yalwa da wanda ya ƙuntata ma mutane lokacin buƙata, to maimakon in je in zauna a yi mani bayanin inda iyakar take, sai na tsara tambayata yadda amsar ba za ta wuce "babu laifi" ba. Na samu amsar da na je nema, na taso.

Mutum ɗaya ne ban iya tsallakewa ba, Kawuna ƙanen mahaifiyata, don shi hatsi ne sana'arshi tun kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, ya ci kasuwar Dandume da Bakori da Funtuwa har Dawanau ta Kano, yanzu ƙafa ta hana shi yawo yana zaune a zaure. Na je bayan la'asar na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan na zayyana mashi komai, har da lissafin ribar da na yi a bayan takardar jarabawa. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama sai yace:

"To ɗana, na ji in ta tashi a nawa za ka sayar. In ta faɗi fa, a nawa za ka sayar?"

Nace "Kawu ai ba za ta faɗi ba, kowa ya san da damina hatsi tashi yake."

Yace "Ba wannan na tambaye ka ba."

Na yi shiru. Ya ɗan jima sannan yace shi dai abin da ya gani a rayuwarshi, shekarar da abu ya yi tsada kowa shi yake nomawa a shekara mai zuwa, kuma shekarar da kowa ya zama ɗan ajiya, har malaman makaranta da telolin unguwa, to ranar fitarwa ma tare za a fitar. Yace in dai lallai sai na yi, in sa rabin kuɗin in bar filin. Nace to Kawu, in sha Allahu zan duba. Na fito ina ce ma kaina tsoho ne, zamaninshi naira na da daraja, bai san yadda abubuwa suka koma ba.

A gida ma an yi mani tambayar da ta dace. Uwar ɗakina tana ninke kayan yara tace "Malam, in kuɗin makarantar yara ya zo a watan 1 kuma masarar ba ta tashi ba, da mi za mu biya?" Nace ta bar wannan a hannuna. Ta ce to Allah ya sa albarka, ba ta ƙara magana ba. Mutum biyu kenan da ba su karanta ko shafi ɗaya na ilimin tattalin arziki ba suka ɗora yatsa daidai kan ramin, ni kuma mai digiri na tsallake su.

Na sayar da filin, na haɗa da adashi, aka sawo mani buhu 40 daga kudancin jiha. Abin da ban sa a lissafin bayan takardar jarabawa ba: kuɗin mota, 'yan dako a ɗora a sauke, la'adar dillali, hayar sito, maganin ƙwari, katakon da ake shimfiɗawa don kar danshi ya taɓa buhu. Kowanne kaɗan ne, in ka tara su sai ka ga tun kafin a rufe sito an riga an ci wani yanki na ribar da ba ta zo ba.

Sauran labarin duk wanda ke sayen awo ya san shi. Maimakon hatsi ya tashi, wajen azumin 2025 da aka fara a farkon Maris sai ya fara sauka. Talaka ya ji daɗi, kuma gaskiya abin a gode ma Allah ne, ni kaina da nake sayen gero da shinkafa na gida na ji sauƙin. Amma ga buhu 40 a sito. Nace bari a sha ruwa. Aka yi ƙaramar sallah nace bari ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, aka yi babbar sallah a watan Yuni, nace ai sai Agusta lokacin da rumbuna suka ƙare. Duk sati sai na kira dillali, duk sati sai ya gaya mani abin da bai kai na wancan satin ba ko kuma daidai da shi, ni kuma amsata ɗaya ce: ba zan sayar ƙasa da yadda na saya ba. Kuɗin makaranta na watan 1 bashi na ci na biya. Na watan 4 ma haka.

Ranar da na koma wajen Kawu ban je da takarda ba. Bai ce "ai na gaya maka" ba, Allah ya saka mashi da alheri, da ya faɗi haka ina jin da na ƙara taurin kai. Cewa ya yi:

"Ɗana, kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Kai kaɗai ka sani, kai kaɗai abin ya dama."

Sannan ya yi mani tambaya ta biyu. Yace in ɗauka babu masara a sito, kuɗinta na yau ne a aljihuna, sabon hatsi kuma saura wata biyu ya shigo, ga bashi a kaina, zan je kasuwa yau in sayi buhu 40 in aje? Nace haba Kawu, wa zai yi haka. Yace "To kullum ka kwana ba ka sayar ba, sayenta ka sake yi."

Wannan maganar ta zauna mani a ƙirji. Cikin satin na sayar. Da na haɗa komai da komai, har hayar sito da buhu 2 da ƙwari suka ɓata, wajen kashi 1 cikin 3 na uwar kuɗin ya tafi, fili kuma ya tafi. Da na jira zuwan sabon hatsi da abin ya fi haka muni, don da kaka ta shigo ƙara sauka ta yi.

Bayan ƙura ta lafa ne ƙanena da ya karanta tattalin arziki a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo gaishe ni, nake ba shi labarin tambayoyin Kawu, sai yace Yaya ai abin da Kawu ya faɗi a zaure shi wasu suka shekara suna bincike a kai har aka ba ɗayansu kyautar Nobel. Daniel Kahneman yake nufi, masanin halayyar ɗan Adam da aka ba kyautar ta fannin tattalin arziki a 2002, ya rasu a 2024, shi da abokin aikinshi Amos Tversky. Akwai wani gwaji nasu da suka wallafa a 1974 da ya tsaya mani a rai. Sun sa mutane su juya wani faifai mai lambobi, an riga an saita shi ya tsaya ko a 10 ko a 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda faifai ya nuna masu 10, tsakiyar amsarsu 25 ce. Waɗanda ya nuna masu 65, tasu 45. Lambar da kowa ya ga da idonshi cewa faifai ne kawai ya tsaya a kanta, ba ta da alaƙa da tambayar ko kaɗan, amma ta ja hankalinsu ta ɗaure.

Duk wanda ya taɓa ciniki a babbar kasuwa ya san wannan a aikace. Mai kaya ya sa suna da tsada, kai ka taya rabi kana jin ka yi wayo, yace albarka, ku yi ta ja har ku tsaya a inda shi dama can yake so, don lambar farko da ya faɗa ita ta kafa turken da kuke zagayawa. To ni turkena guda biyu ne: farashin bazarar 2024 da na ji a majalisa, da farashin da na saya. Wata shida ina ɗaure a jikinsu kamar akuya. Su Kahneman ɗin sun kuma nuna cewa zafin asara a zuciyar mutum ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya, shi ya sa mutum ya gwammace ya ci gaba da riƙe abin da ke zubewa da ya sayar ya tabbatar ma kanshi cewa ya yi asara. Muddin masarar na cikin sito, a raina ban faɗi ba tukuna.

Wani labarin da ƙanen nawa ya ba ni kuma shi ya fassara mani majalisarmu. Lokacin yaƙin duniya na 2, sojojin Amurka suna duba jiragen yaƙin da suka dawo, suna ganin inda harsashi ya fi huda su, da tunanin nan ya kamata a ƙara ma sulke. Wani masanin lissafi Abraham Wald ya lura da abin da ido ba ya gani: waɗannan jiragen ai sun dawo ne, hujin da ke jikinsu bai kayar da su ba. Waɗanda aka samu a inji ba su dawo ba balle a ƙirga su. A majalisa ma wanda ya ci riba shi ke zuwa da sabuwar mota a gani, wanda ya faɗi yana gida ya rufe ƙofa, ko yana zaune tare da ku ya yi shiru yana shan shayi. Ni kaina sai da na yi wata uku ban faɗa ma kowa a majalisar cewa na sayar da asara ba, kenan duk wani matashi da ke saurare a wannan lokacin ni ma na taimaka wajen ɓoye mashi rabin gaskiya. Irin wannan ne ya sa aka yi ta faɗawa MMM, tsarin zuba kuɗin nan na intanet, har ta rufe a Disambar 2016 da alƙawarinta na kashi 30 cikin 100 a wata, mutane alat ɗin waɗanda aka biya kawai suke gani.

Akwai wata magana da nake so in yi a hankali, don ta shafi imani. Da na faɗi, mutane da yawa sun ce mani ƙaddara ce, Allah bai nufa ba. Gaskiya ne, kuma na yarda da ita har zuciyata, abin da ya same ka ba zai taɓa kuskure maka ba. Hadisin da ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru" saboda "da" tana buɗe aikin shaiɗan, shi ya riƙe ni a daren da na kasa barci. Amma hadisin nan guda, a farkonshi cewa ya yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Yaya za a yi ka kauce ma ramin in ka ƙi juyawa ka kalle shi? Ƙaddara tana kwantar da zuciya a kan abin da ya wuce, amma na ga yadda muke jawo ta mu lulluɓe sakacinmu da ita don kar a tambaye mu, kuma kar mu tambayi kanmu. Sakamakon na Allah ne. Rashin amsa tambayar Kawu kuwa nawa ne.

Kuma ga abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna: da masarar ta tashi fa? Da yanzu ina majalisa ana nuna ni, ina ba matasa shawara, ina jin ni mai hangen nesa ne, alhali hukuncin nan dai shi ne, na mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka a abu ɗaya, bai ware kuɗin makarantar 'ya'yanshi ba, bai san inda zai tsaya in abu ya juya ba. Da riba ta rufa mani asiri na ƙara zubawa fiye da haka shekara mai zuwa, wataƙila har da bashin banki. Wani lokacin mutum yakan yi wauta ya dace, wani kuma ya yi duk abin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa yanzu in na ji an ce wane ya iya kasuwa saboda ya ci riba sau ɗaya, ban cika saurin gyaɗa kai ba.

Istihara ma sai da na koma na sake koyonta. Na yi ta a lokacin, raka'a biyu da addu'a, amma ka duba lafazin addu'ar: kana cewa ya Allah in ka san wannan al'amari sharri ne gare ni ka juyar da shi daga gare ni, ka juyar da ni daga gare shi. Ni kuwa na riga na karɓi kafin alƙalamin fili kafin in yi sallar. Bakina na cewa a juyar da ni, hannuna ya riga ya ƙulle ƙofar juyawa. Haka shawara. Allah ya umarci Annabinshi da ya shawarci sahabbai a Ali Imrana aya ta 159, kuma shawara ce ta gaske wadda ake sauya matsayi saboda ita, ramin da aka haƙa a yaƙin Khandaƙ shawarar Salmanul Farisi ce. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, to ai ɗaki ba ya ɗaukuwa in kai ka riga ka danne gefenka ka zauna.

Yanzu ina da wani ɗan littafi mai shafi 40 irin na 'yan firamare, yana cikin aljihun jakata. Ba kowane abu nake rubutawa ba, sayen tumatir ba ya buƙatar littafi, sai abin da in ya ɓaci zai taɓa iyalina ko ya ɗauke ni fiye da wata uku kafin in farfaɗo. Nakan rubuta kwanan wata, da abin da nake so in yi, da dalilin, da abin da nake tsammani zai faru, don na gano in ba a rubuce yake ba, bayan abu ya faru zuciya sai ta gyara labarin ta ce ai dama na san haka za a yi. Sai tambayar Kawu a ƙasa, kullum: in ya faɗi fa? Nawa zan iya rasawa in kwana lafiya? Mi zan gani in ce to na tsaya haka nan? Nakan ma ɗauka shekara ta zagayo abin ya riga ya lalace, in tambayi kaina mi ya lalata shi, abin mamaki dalilai sai su yi ta fitowa waɗanda minti biyar da suka wuce ban gansu ba. Sannan dole in nemo mutum ɗaya da ya yi irin abin ya faɗi in zauna da shi. Wannan ya fi komai wuya, don ba kowa ke son tuna faɗuwarshi ba, amma in ka fara ba shi labarin taka sai ka ga ya saki jiki.

Ɗaya abin kuma shi ne kwana. Duk wanda yace mani "yau ne kawai, in ba ka turo yanzu ba wani zai ɗauka", to na bar ma wanin. Ba na yanke magana mai nauyi da dare a majalisa, ba na yankewa ina jin yunwa, ba na yankewa cikin fushi. Na fushin nan addini ya riga ya gama magana, hadisi ne a Buhari da Muslim cewa kar alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, to in alƙali mai ilimi da shaidu a gabanshi an hana shi, ina ga ni da waya a hannu ƙarfe 11 na dare. Kwanaki aka turo mani wata murya a WhatsApp, wai wani abokina ne ke zagina a kan maganar masarar nan, yana cewa kwaɗayi ya kai ni. Jikina har rawa yake, na rubuta amsa mai tsawo wadda da na tura ta abotar shekara 20 ta ƙare a daren. Na tuna ayar Hujurati ta 6 da tace in an zo maku da labari ku bincika, na kife wayar na kwanta. Da safe bayan asuba na same shi, ashe muryar yanke ta aka yi, farkonta yana faɗin abin da wasu ke cewa ne, ƙarshenta kuma yana kare ni. Ya kunna mani cikakkiyar muka saurara tare a ƙofar masallaci.

Satin da ya wuce wani ɗan unguwarmu ya kawo mani maganar keke napep, in saya ya riƙa ja yana kawo balas kullum. Lissafin yana da daɗi a baki, kuma na ji irin ɗumin nan da na ji kan benci a 2024 ya taso mani, na gane shi. Na buɗe littafi na rubuta. Na nuna ma uwar ɗakina, tace "Malam, ranar da ya lalace ko aka kama shi, wa zai biya gyara, kai ko shi?" Na rubuta wannan ma da hannuna a ƙasan shafin. Na samu wani maƙwabcin abokin aikina da ya taɓa ba da keke haya ya ƙare da sayar da shi a matsayin ƙarfe, mun yi da shi zan same shi ranar Asabar bayan azahar. Daga can zan wuce wajen Kawu, na riga na saya mashi goro fari irin wanda yake so, kuma shafin da ke kallon nawa na bar shi babu rubutu saboda abin da zai tambaya.